Ana Saki Ana Cikawa: Waiwaye Kan Cunkoson Gidajen Yarin Najeriya

A watan Nuwamba na 2023, Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya je gidan yarin Kuje da ke Abuja ya ƙaddamar da shirin sallamar fursunoni 4,068 daga sassa daban-daban na ƙasar nan. Mutane ne da alƙali ya ba su zaɓi tsakanin tara da zaman kaso, aljihu ya gaza, suka ƙare a bayan kanta. Naira miliyan 585 aka haɗa don fanso su, kuma kamfanoni da masu hannu da shuni ne suka tara kuɗin. A wajen taron ministan ya ce mutum 80,804 ne ke tsare a gidajen yari 253, alhali gidajen gaba ɗayansu ba su kai ɗaukar mutum 50,000 ba.

An yaba, an sa albarka. Sai dai kafin ƙarshen 2024 adadin ya sake haura 80,000, tamkar ba a taɓa sakin kowa ba.

Duk lokacin da aka yi irin wannan, ra'ayin jama'a kan kasu gida biyu. Wasu su ce me ɓarawon kaza da wanda ya ci bashi ya kasa biya ke yi a ɗaki ɗaya da ɗan fashi, a sake su mana su je su nemi na kansu. Wasu kuma su ce mai hali ba ya fasa halinsa, in ka sako shi yau, gobe wayarka ce za ta yi ɓatan dabo a tasha. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Amma wanda ya bi sawun lamarin tun daga tushe zai ga cewa ba a nan gizo ke saƙar ba. Najeriya ta daɗe tana sakin fursunoni kafin wa'adinsu, kuma hakan bai taɓa magance cunkoso ba, domin mafi yawan waɗanda suka cika ɗakunan ba su da wa'adin da za a rage musu. Ba a ma yanke musu hukunci ba tukuna.

Zamanin Yari da dogarai

Kafin zuwan Turawa, manyan biranen ƙasar Hausa suna da kurkuku a ƙarƙashin Yari da dogaran sarki. Amma ɗaurin shekaru ba shi ne ginshiƙin hukunci ba. Alƙali ya fi yanke bulala, ko tara, ko diyya, ko ya sa a mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa, a manyan laifuka kuma a tsayar da haddi. Kurkuku wurin ajiya ne: na wanda ake jiran a ji maganarsa, da mai taurin bashi, da bawan da ya gudu, da wanda ya yi wa sarauta tsaurin ido.

Wannan ba ya nufin wurin yana da daɗin zama. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Gwamna Lugga ya shiga kurkukun birnin ya kuma bayyana shi a rahotonsa: ɗakuna biyu na ƙasa, kowane tsawon ƙafa 17 da faɗin ƙafa 7, ba taga, kuma an shaida masa an taɓa cusa mutum 135 a ciki. Lugga yana da dalilinsa na baƙanta mulkin da ya kifar, don ya halatta wa kansa mamaya. Duk da haka rahoton ya nuna cewa kukan cunkoso ya girmi Najeriya kanta.

A Kudu kuwa, Turawa sun buɗe kurkukun titin Broad a Legas tun 1872, mai ɗaukar mutum 300. Da mulkinsu ya kafu, sai ƙasar ta kasance da kurkuku iri biyu: na gwamnati, da na En'e. A Arewa na En'e suka fi yawa nesa ba kusa ba. Sarki ke da alƙali, shi ke da 'yan doka, shi ke da gidan yari, kuma daga baitulmalin En'e ake ciyar da fursuna. A wannan zamani aka gina gidaje irin na Kurmawa da ke kusa da gidan Sarkin Kano, wanda ya samo asali tun 1910 kuma aka ci gaba da tara mutane a cikinsa fiye da shekara ɗari.

Turawa sun mayar da ɗauri hukuncin yau da kullum saboda suna bukatar hannun aiki. Fursunoni ke share titi, su ɗebo ruwa, su sare daji, su kwashe bahaya a barikin Turawa. Amma Turawan ne kuma suka shigo da tsarin rangwame, inda ake yafe wa mai ladabi kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa. Daga nan ne maganar nan ta samo asali cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. A 1953 aka buɗe sansanin Kakuri a Kaduna, inda fursunonin da aka amince da halinsu ke zama ba tare da doguwar katanga ba. Ke nan tunanin cewa ba kowane mai laifi ne ya cancanci ƙulli da kwaɗo ba, tsohon tunani ne a ƙasar nan.

Haɗewar 1968 da ƙullin da ta bari

Kurkukun En'e ya yi ƙaurin suna a shekarun siyasar farko. A nan aka riƙa jefa 'yan NEPU bisa laifin yin taro ba izini ko zagin sarki, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga da fita. Saboda haka da soja suka karɓi mulki a 1966, aka kafa kwamitin Gobir ya duba makomar 'yan doka da kurkukun En'e. A ranar 1 ga Afrilu, 1968 aka haɗe dukkan gidajen yarin ƙasar a hannun gwamnatin tarayya, sannan doka mai lamba 9 ta 1972 ta shimfiɗa tsarin tafiyar da su.

An raba sarakuna da makamin da ake muzguna wa 'yan adawa, wannan alheri ne. Amma an ƙulla wani ƙulli da har yau ba a kwance ba. Mafi yawan laifuka, daga sata zuwa kisa, dokokin jiha suka shafa. Kotun jiha ce ke tura mutum gidan yari, ma'aikatar shari'a ta jiha ce ke da alhakin gurfanar da shi, gwamnan jiha ne ke da ikon yi masa afuwa. Amma ɗan sandan da ya kama shi na tarayya ne, gandiroban da ke tsaronsa na tarayya ne, gabzar da yake ci ma tarayya ke biya. Jami'an gwamnatin tarayya sun sha nanata cewa kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ke tsare, dokokin jihohi ake zargin sun karya. A zamanin En'e, wanda ya ɗaure shi ke ciyarwa, don haka yana jin nauyin kowane kai da aka ƙara. Bayan 1968, jiha na iya tura mutum dubu ajiya ba tare da ta kashe ko sisi ba.

Ba a yi shekara goma ba illar ta bayyana. A 1977 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta yi dokar da ta bai wa Alƙalin Alƙalan ƙasa da manyan alƙalan jihohi ikon shiga gidan yari su sallami duk wanda tsarewarsa ta saɓa wa doka ƙarara, ko wanda ya yi zaman jiran shari'a fiye da shekarun da za a ɗaure shi da an same shi da laifin. A duba wannan sharaɗi na biyu da kyau. Tun kusan shekara hamsin da suka wuce, hukuma ta amsa da bakinta cewa akwai masu gama wa'adin laifin da ba a tabbatar sun aikata ba.

Shekarun soja na 1980 da 1990 sun ƙara dagula lissafi. Dokokin tsare mutum ba shari'a, da kotunan musamman na fashi da makami, da yaƙi da rashin ɗa'a, duk sun tura jama'a kaso, yayin da tsuke bakin aljihu na zamanin SAP ya rage abinci da magani. Tarin fuka da ƙazuwa da yunwa suka yi ta ɗauke rayuka. Manya ma ba su tsira ba. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a gidan yarin Abakaliki a watan Disamba na 1997, Obasanjo kuma daga gidan yarin Yola ya fito a 1998, shekara guda kafin ya zama shugaban ƙasa.

Yadda ake mantawa da mutum

Kafin a ci gaba, ya kamata a fahimci hanyar da mutum ke bi ya ɓace a cikin gidan yari, domin ita ce zuciyar matsalar.

Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma idan aka yi wata biyu yana tsare ba a fara shari'arsa ba, a sake shi ko da bisa sharaɗi. Amma sashen ya togace wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Ta wannan kafa ake shigowa. 'Yan sanda su yi kame a unguwa bayan wani rikici, su rubuta fashi da makami ko kisan kai a takarda, su kai mutum gaban majistare. Majistare ba shi da hurumin sauraron irin wannan tuhuma, ba shi kuma da ikon ba da beli a kanta. Abin da ya rage masa shi ne ya tura mutumin ajiya, a jira shawarar ma'aikatar shari'a. A 2007 Kotun Ƙoli, a shari'ar Lufadeju da Johnson, ta amince cewa irin wannan ajiya ba ta saɓa wa tsarin mulki ba.

Daga nan sai jira. Fayil ya kwanta a ofishin 'yan sanda saboda ba a kwafe shi an aika ba. A yi wa ɗan sandan da ya yi bincike canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Mai ƙara ya huce ya daina zuwa. Ranar zama ta zo a ce motar kai fursunoni kotu ba mai. In an yi sa'a an fara shari'ar, a ɗauke alƙalin a tura shi sauraron ƙarar zaɓe, ko a yi masa ƙarin girma, sai a koma farko. A 2021 ma'aikatan kotuna sun yi yajin aiki na wata biyu, daga Afrilu zuwa Yuni, kotuna a garƙame, kame kuwa bai tsaya ba.

Wanda aka ba beli ma tsugune ba ta ƙare masa ba. A ce ya kawo babban ma'aikacin gwamnati ko mai takardar fili a cikin birni ya tsaya masa. Ina ɗan ci-rani mai tura baro zai samo wannan? A bangon ofishin 'yan sanda an rubuta cewa beli kyauta ne, amma kowa ya san yadda ake ciki.

Abin takaicin shi ne wanda aka yanke wa hukunci ya fi mai jiran shari'a gata. Ya san ranar fitarsa, yana cin rangwamen kashi ɗaya cikin uku, ana iya sa shi a ɗakin koyon ɗinki ko kafinta, sunansa na iya shiga jerin afuwar gwamna ranar Sallah ko ranar 'yancin kai. Mai jira ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ɗakinsa ne ya fi cunkushewa. Shi ya sa lauyoyi ke ba da labarin waɗanda ke amsa laifin da ba su yi ba, don dai a yanke musu su san matsayinsu.

Alƙawuran mulkin farar hula

An sa rai cewa wanda ya ɗanɗana zaman kaso zai gyara shi. A watan Janairu na 2006 gwamnatin Obasanjo, ta bakin Ministan Shari'a Bayo Ojo, ta sanar da shirin sakin fursunoni har 25,000, fiye da rabin waɗanda ke tsare a lokacin: tsofaffi, da masu cutar ajali, da waɗanda fayilolinsu suka ɓata, da waɗanda jiransu ya zarce hukuncin laifinsu. Labarin ya zagaya duniya. Bayan shekara biyu, ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoton da ya nuna cewa kimanin kashi 65 cikin 100 na mazauna gidajen yarin ƙasar har lokacin ba a same su da laifin komai ba.

Daga nan aka juya ga gyaran doka. Jihar Legas ce ta fara a 2007. A 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya. Dokar ta ƙayyade ajiya zuwa kwana 14 a karon farko, ba a sabuntawa sai an kawo wa kotu dalili. Ta wajabta wa majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata ya ga waɗanda ke tsare. Ta kuma buɗe wa alƙali hanyar yanke aikin al'umma ko ɗaurin talala a ƙananan laifuka. Jihohi suka yi ta kwaikwayo, Kaduna a 2017, Kano a 2019. A 2017 ɗin ne kuma gwamnatin Buhari ta kafa kwamitin rage cunkoso ƙarƙashin Mai Shari'a Ishaq Bello, wanda ya zagaya jihohi yana biyan tara yana sallamar mutane.

A watan Agusta na 2019 Buhari ya sa hannu kan dokar da ta sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta gyaran hali. Sashe na 12 na dokar ya zo da abin da ba a taɓa gani ba: idan gida ya cika ya wuce ƙa'ida, kwanturolan jiha ya sanar da babban alƙali da kwamishinan shari'a cikin mako guda, su kuma a ba su wata uku su ɗauki mataki, in ba su yi ba, gidan yari na da ikon ƙin karɓar sabon mutum. Dokar ta kuma kafa sashe na musamman mai kula da hukuncin da ba na ɗauri ba, ta ba babban alƙali damar mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai-da-rai ga wanda ya shekara goma yana jiran hauni.

A takarda ba abin da ya rage. Amma ba a cika wata huɗu da sa hannu ba, a farkon Disamba na 2019, wayar lantarki ta faɗo kan gadajen ƙarfe a gidan yarin Ikoyi ta kashe mutum biyar. Gidan an gina shi ne a 1955 don mutum 800. A ranar akwai sama da 3,000 a ciki, mafi yawansu masu jiran shari'a.

Korona da fashe-fashen katanga

Annobar korona ce ta tilasta wa gwamnati fito da ma'auni a fili. A watan Afrilu na 2020 aka sanar da afuwa ga fursunoni 2,600: masu shekara 60 zuwa sama, da masu ciwon da ake tsoron zai zama ajali, da masu taɓin hankali, da waɗanda aka ɗaure shekara uku ko fiye kuma saura musu ƙasa da wata shida, da waɗanda tararsu ba ta wuce naira 50,000 ba. Ma'auni ne mai ma'ana, amma dukkansa ya tsaya kan waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci. Cikin mutum sama da 70,000, an taɓa ƙasa da kashi huɗu cikin ɗari.

Abin da ƙofa ta hana, katanga ta bayar. Tun a Satumba na 2010 'yan Boko Haram suka fasa gidan yarin Bauchi, mutum sama da 700 suka fice. A Oktoba na 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS, kusan 2,000 suka tsere daga gidaje biyu a Benin. A Afrilu na 2021 aka kai hari Owerri, 1,844 suka gudu. A ranar 5 ga Yuli, 2022 mayaƙan ISWAP suka afka wa Kuje, a hancin fadar gwamnati, suka saki ɗaruruwa, har da gomman 'yan uwansu. A 2024 ko harbi ba a yi ba: ruwan sama ya rusa katangar Suleja a Afrilu, sama da 100 suka fita, ambaliyar Maiduguri kuma ta ba 281 hanya a Satumba.

Masu tsoron sakin ƙananan masu laifi ya kamata su tsaya a nan su yi tunani. Gidan da aka cusa wa ninki uku na abin da zai iya ɗauka, gandirobobinsa ba za su iya raba ɗan ta'adda da ɗan sane ba, balle su sa ido a kan mai haɗari. Yaron da ya shiga saboda satar waya yana kwana kafaɗa da kafaɗa da gwanayen fashi, ya fito da ilimin da bai shiga da shi ba. Cunkoso da kansa barazana ce ga tsaron wanda ke waje.

Gwamnati ta amsa da sababbin gine-gine masu ɗaukar mutum 3,000 kowane, irin na Janguza a Kano da Karshi a Abuja da Bori a Ribas. A Maris na 2023 kuma aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi damar mallakar gidajen yarinsu. Gyaran ya nufi kwance ƙullin 1968 ne, sai dai gwamnoni ba su yi rububin ɗaukar wannan nauyi ba, tunda akwai mai ciyar musu kyauta.

Wane ne marar zubar da jini?

Akwai wani dalili da ya sa talaka ke yi wa kalmar afuwa kallon hadarin kaji. Idan aka ce a saki wanda laifinsa bai haɗa da makami ko jini ba, wanda ya wawure baitulmali ma ya shiga sahu. A 2013 Jonathan ya yafe wa tsohon gwamnan Bayelsa, Diepreye Alamieyeseigha. A Afrilu na 2022 Majalisar Magabata ta amince da yafe wa tsofaffin gwamnonin Filato da Taraba, Joshua Dariye da Jolly Nyame, waɗanda shari'arsu ta ci fiye da shekara goma har ta kai Kotun Ƙoli. Ba wanda ya ce sun ɗaga wa wani wuƙa. Amma kuɗin asibiti da na hanya in suka salwanta, rayuka ke bin bayansu.

Saboda haka rashin zubar da jini shi kaɗai bai isa ma'auni ba. Dole a duba girman ɓarnar, da ko mutum ya saba, da ko an biya wanda aka zalunta. Matar da aka sace wa akuya ba ta ƙaru da komai ba idan ɓarawon ya shekara biyu yana cin gabza. Da za a sa shi ya yi aiki ya biya ta, da ta fi samun adalci, kuma wannan ya fi kusa da abin da alƙalan ƙasar Hausa suka sani tun asali. Lissafin kuɗi ma ya goyi bayan haka. In aka raba naira miliyan 585 ɗin nan ga mutum 4,068, kowane ya tashi a kan kusan naira 144,000. A lokacin naira 750 ake ware wa cikin fursuna a rana, ke nan abincin wata shida da 'yan kwanaki ya cinye tarar da ake tsare da shi dominta.

Abin da wasu ƙasashe suka yi

A 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta umarci jihar Kalifoniya ta rage fursunoninta zuwa kashi 137.5 cikin 100 na abin da gidajenta za su iya ɗauka, jihar kuma ta mayar da dubban masu ƙananan laifuka hannun ƙananan hukumomi. Binciken da ya biyo baya bai ga ƙaruwar laifukan zubar da jini saboda hakan ba, ko da yake satar mota ta ƙaru. A Satumba na 2024 Ingila ta fara sakin wasu fursunoni bayan sun ci kashi 40 cikin 100 na wa'adinsu maimakon rabi, ban da masu fyaɗe da ta'addanci da mummunan ta'adi, kuma kimanin 1,700 suka fita a rana ta farko. A can dabarar tana rage cunkoso domin akasarin mazauna gidajen an riga an yanke musu hukunci, kuma akwai jami'an da ke bibiyar wanda aka saki.

Darasin da ya fi dacewa da mu yana Ghana. A 2007 suka fara kai kotu cikin gidan yari, alƙali ya zauna a can ya duba fayilolin masu jira ɗaya bayan ɗaya, ya sallami na sallama, ya ba da belin na beli. Masu jiran shari'a da suka kai kusan kashi ɗaya cikin uku suka ragu zuwa ƙasa da kashi 15 cikin 100.

Najeriya ba ta cikin ƙasashe masu yawan ɗaure mutane. Mutum 80,000 cikin al'umma fiye da miliyan 200 bai kai 40 cikin kowane 100,000 ba, alhali a Amurka adadin ya haura 500. Da za a warware shari'ar rabin masu jira kawai, da gidajen da ake da su yanzu sun kusa wadatarwa.

Hukuncin da tarihi ya yanke

A saki masu ƙananan laifuka? E, a sake su, kuma tarihin nan bai nuna cewa sakin tsoho da majinyaci da wanda tara ta gagara ya taɓa jefa ƙasa cikin bala'i ba. Amma a yi shi bisa ma'aunin da aka rubuta kowa ya gani, a sanar da wanda aka zalunta, a cire ɓarayin biro daga jerin, a kuma samar da jami'an da za su bi sawun wanda ya fita. Sannan kada a yaudari kai cewa an yi maganin cunkoso. Tun daga 1977 ake kwalfe ruwa daga ɗaki, ba a hau an toshe inda rufin ke yoyo ba.

Dokokin da ake bukata duk suna nan. Abin da ya rage aiki ne, kuma akasarinsa a jihohi yake. Gwamnoni su fara biyan kuɗin abincin duk wanda kotunansu suka tura ajiya, za a ga yadda fayiloli za su yi ƙafa. Manyan alƙalai su mayar da zaman kotu a gidan yari abin yi duk wata uku, ba sai an ga watan azumi ba. Kwamishinonin shari'a su sa wa kansu wa'adin fitar da shawara. Kwanturololi su yi amfani da ikon da sashe na 12 ya ba su. Bayin Allah masu biya wa fursunoni tara da Sallah, Allah Ya saka musu, amma su ware wani kaso su ɗauki lauyoyin da za su tono fayilolin waɗanda ba su da tarar da za a biya musu. Kai kuma mai karatu, in akwai ɗan unguwarku da aka ce an kai shi ajiya aka daina jin ɗuriyarsa, ka tambayi kotun da ta tura shi da ranar da za a dawo da shi, domin sau da yawa rashin mai tambaya ne ke mayar da kwana 14 shekara bakwai.